Karara a Rigar Gasa

Bayan la'asar aka kira Insifekta Sharhabil Sulaiman zuwa wani babban ɗakin taro da ke Doka, inda ake bikin nunin tufafi na shekara-shekara. A ranar ne za a ba da Kyautar Sabon Hannu ga matashin mai ɗinkin da ya fi fice.

Ya tarar an kashe kiɗa, jama'a sun yi cirko-cirko. Fiddausi, ɗaya daga cikin 'yan matan da ke sa kaya suna nunawa, ta yanke jiki ta faɗi a kan dandamali, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Tana da ciwon asma, har aka wuce da ita asibiti numfashinta bai dawo daidai ba.

A ɗakin canja kaya ya sa safar roba, ya juya rigar da aka cire mata. Doguwar riga ce ta saƙi, mai aiki a wuya. Cikinta duk wani gashi ne mai laushi, ruwan ƙasa. Ya san shi tun daga gonar kakansa. Karara ce, mai sa mutum susa har ya fitar da jini.

Wadda ta ɗinka rigar, Yasmin, 'yar Kurmin Mashi, tana tsaye idanunta sun yi ja.

"Wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ni, Yallaɓai, sai alƙalan gasa."

"Yaushe kika bar shi?"

"Da na tafi sallar azahar. Na kulle da hannuna."

"Wa zai so ki faɗi gasar?"

"An ce an ga Jamaluddeen a bayan ɗakin."

Jamaluddeen shi ne babban abokin takararta. Insifekta ya same shi a bayan labule yana ta danna waya.

"Ban je wajen ba," in ji shi.

"Mai gadi ya gan ka a gindin taga."

"Iska na je sha."

"Da waya a ɗage? Miƙo ta."

Ya miƙa masa wayar. "Hoto kawai na ɗauka, Yallaɓai. Aikin wuyan nake son gani. Wallahi ban shiga ba."

Insifekta ya buɗe hoton, ya ƙara masa girma. Ga rigar a rataye. A kan kujerar da ke gefenta kuma ga wata jakar hannu koriya, mai maɓallin zinare. Ɗazu da ya shiga ɗakin babu ita.

Ya koma ya nuna wa Yasmin. Tana gani ta dafe bango.

"Ta Anti Safara'u ce. Amma ba za ta yi min haka ba. A shagonta na tashi."

Hajiya Safara'u ce shugabar alƙalai, rabin matan manyan garin nan ita ke musu ɗinki. Idan Insifekta ya kuskure, kafin magariba ogansa zai ji.

Ya roƙe ta ta zo ƙaramin ofis. Ta shigo jakar na rataye a kafaɗarta, hannuwanta cikin mayafi.

"Hajiya, kin shiga ɗakin Yasmin yau?"

"Me zai kai ni? Alƙali ba ya ganin kaya sai a dandamali."

Ya ajiye mata wayar. Ta kalla, ta taɓe baki.

"Jaka irin wannan ta cika kasuwa."

"Haka ne. Ranki ya daɗe, ina son ganin hannuwanki."

"Kai yaro, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ya sa nake roƙo."

Ba ta motsa ba. Amma yana ganin yadda take goga hannu da hannu a ƙarƙashin mayafin. Ya tsaya yana jira. Can ƙaiƙayin ya fi ƙarfinta, ta zaro hannun tana susa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya kumbura, duk sawun farce.

Ta zauna a hankali.

"Ni na koya mata riƙe almakashi," in ji ta. "Da uwarta ta rasu, a gidana ta ci ta sha. Sai ga ta a rediyo tana cewa ita ta koya wa kanta a waya. Ko sunana ba ta ambata ba. Yau kuma ni za a sa in miƙa mata kyauta ina murmushi."

"Sai kika zuba wa 'yar mutane karara."

"So nake kawai a yi susa a dandamali, a yi dariya. Ban san yarinyar tana da asma ba." Ta ɗago kai. "Za ta tashi?"

"Likita bai ce komai ba tukuna. Ki yi mata addu'a, don tuhumar da za a yi miki tana rataye da numfashinta."

Ya kira 'yar sanda mace ta kama ta. Suna fitowa suka tarar da Yasmin a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ta saba gaishe ta.

"Anti, da kin kira ni kin yi min faɗa."

Hajiya Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska, aka bi da ita ta ƙofar baya zuwa mota.