Funfuna a Ɗakin Amarya

Cikin ikon Allah, tari ne ya haɗa su. Ta shiga kemis neman maganin asma numfashinta na sarƙewa, mai kemis ya tura mata kujera kafin ya tambaye ta kuɗi. Tun daga ranar ta zama "Sanyin idona" a wayarsa, har iyaye suka shiga maganar.

Sai ga shi ya ɗaga ranar aure, ya sake ɗagawa, ba tare da wani dalili ba.

Gwaggonta ce ta kawo labari. "Wallahi da idona na gani, wata mata na shiga sabon gidan nan da zai kai ki, riƙe da 'yan farantai masu murfi. Ke ana ta jan ki, wata har ta fara jera kwanuka!"

Mahaifinta ya ce zato zunubi ne, amma idan Juma'a ta wuce babu bayani, zai janye maganarsa.

Yarinyar ta rubuta masa: "Wace ce mai farantai?"

"Sanyin idona, ki zo da Baba gobe. Ki sa takunkumi."

Takunkumi kuma? Zuciyarta ba ta kwanta ba.

Washegari ta je da Baba da Gwaggo, suka iske shi da matar a ɗakin amarya, an kankare bango, an fasa sabuwar taga. Ta gaida Baba, ta nuna musu faranti guda mai tabo kore-kore.

"Baba, gwajin iska nake yi. Wannan funfuna ce, danshin bango ya haife ta. Akwai iyakar da masana suka gindaya mata da ƙwayoyin cuta a iskar ɗaki, nan kuwa an wuce ta nesa. Mai asma ba za ta iya zama a nan ba. Shi ya sa ya ɗaga auren ya sa a yi gyara, ga shi gwajin jiya ya sauko."

Yarinyar ta juya gare shi. "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron ki ɗauka ciwonki nauyi ne a kaina."

"Da ka faɗa, da na huta da kuka. Shi ma yana tayar mini da asmar, malam likita."

Gwaggo ta gyara mayafi. "To ni dai farantai na ce na gani, ban yi ƙarya ba."

Baba ya yi murmushi, ya kama hannun saurayin. "Ka kiyaye amana tun ba a damƙa maka ita ba. Na ba ka."

Aka ɗaura aure cikin mako. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, amin.