Kwanar da Aka Toshe a Gyadi-Gyadi

"Kowa ya kwanta!"

Zakariyya ne ya faɗa, bindiga ƙirar gida a hannunsa. Ƙarfe biyu da rabi na rana, a wani babban kantin magani da ke bakin titi a Gyadi-Gyadi. Mutum shida suka zube a kan tayil. Sha'aibu ne ogan fashin. Ya zagaya bayan kanta, ya juye durowa a jakar goyo, ya bi wayoyin mutane ya kwashe.

A waje Ɗanladi na zaune cikin tsohuwar mota, inji a kunne. Daga Garko ya zo Kano, shekara huɗu yana jan adaidaita-sahu, har aikin faɗaɗa titi ya cinye tashar da yake lodi. Bai taɓa fita irin wannan aiki ba. An ce masa tuƙi kawai zai yi.

Kwana biyar da suka wuce Sha'aibu ya zana musu komai a ƙasa da ƙusa. Shi lebura ne a kamfanin da ke aikin titin. Ya nuna musu shingen kankare da ya raba titin hannu biyu, ya nuna kwanar juyawa ɗaya tak da aka bari a buɗe, can gaba kaɗan da kantin. Nan za su juya, su faɗa lungunan Tarauni, su ɓulla Daurawa. Shi kuma zai bi da ƙafa da jakar, don ko an tare motar kada a samu komai. Zakariyya ya ce bai yarda a raba hanya ba.

"Baaba, da hannuna na zuba titin nan," in ji Sha'aibu. "Ni za ka koya wa hanya?"



Suka fito. Sha'aibu ya saɓa jaka ya shige lungun da ke bayan kantin, yana tafiya kamar mai zuwa masallaci. Zakariyya ya faɗa motar. Kafin ya rufe ƙofa ihu ya tashi — ɓarayi! ɓarayi!

"Taka ta!"

Ɗanladi ya taka.

Sufeto Kabiru yana cikin cunkoso lokacin da kiran fashin ya shigo. Tun safe aka karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya, motarsu ta maƙale tsakanin tifa da bas. Jiniya ba ta yi amfani ba, ba inda kowa zai matsa. Ya sauko tare da 'yan sanda biyu, suka hau gudu ta kan tulin tsakuwa.

A daidai kwanar, Saratu na tsaye. Nas ce a asibitin koyarwa, ta tashi daga aikin safe za ta gida Ƙauyen Alu. An kafa gadar masu ƙafa, amma ba a sa mata matakala ba tukuna, don haka kullum ta kwanar take tsallakawa. Yau, bayan hutun kwana biyu, ta tarar an jera kankare an toshe. Ta tsaya a jikinsa, tana neman inda za ta raɓa.

Ɗanladi ya wuce adaidaita biyu, ya goge madubin wata bas. Ga allon da Sha'aibu ya ce zai gani. Ya murɗa sitiyari hagu da ƙarfinsa.

Babu kwana. Kankare ne, da mace cikin farin hijabi.

Birki — tayoyi suka ja a kan yashi — ƙara!

Ruwa na zuba daga gaban motar. Ɗanladi ya ga ƙafafunsa sun shige ƙarƙashin ƙarfe, bai ji zafi ba. Zakariyya ya fita ta taga, jini a fuskarsa, ya ɗaga bindigar ya danna. Ta ƙi tashi. Mutane suka rufe shi da duwatsun aikin titi. Kafin Sufeto Kabiru ya ratsa taron an gama da shi. Ya yi harbi biyu sama, ya tsaya a ƙofar direba har aka kawo abin yanka ƙarfe.

Kwana uku bayan nan Sufeton ya zo asibiti. Ɗanladi na kwance, ankwa a hannunsa na hagu, ƙafar dama an yanke daga gwiwa. Ya faɗi komai ba tare da an matsa masa ba. Ya ce laifin masu aiki ne da suka toshe kwanar ba sanarwa.

Sufeton ya ce tun ranar Talata aka toshe ta, kwana biyu kafin fashin. Ya je kamfanin, sun nuna masa sunayen leburorin da suka jera kankaren. Na Sha'aibu ne na uku. Ɗakinsa a Tarauni ba komai sai tabarma, ba wanda ya ƙara ganinsa.

Sai Ɗanladi ya tambayi labarin matar da ya buge.

An kai ta makwancinta shekaranjiya, in ji Sufeton. Ta bar 'ya'ya biyu. A wannan ɗakin take aiki.

Da ya tafi, wata nas mai suna Samira ta zo canza ruwan da ake ƙara masa. Idonta a kumbure yake. Ta rataye sabuwar leda, ta duba allurar, ta gyara filastar a hankali yadda ba zai ji zafi ba.

"Sista," ya ce, "don Allah ku yafe min."

Ba ta dube shi ba.

"Miƙe hannunka," ta ce. "Ruwan ba ya tafiya."

Ya miƙe.