Farantan Rijiyar Kucheri

Ranar Laraba da hantsi rahoton ya iso teburin Sufeto Yahaya Bello a Gusau. An kwance farantan sola shida daga rijiyar burtsatsen Kucheri, gari ya kwana biyu ba ruwa. Tuni 'yan sandan Tsafe suka jefa mai gadin rijiyar, wani dattijo mai suna Dogo, bayan kanta.

Sufeto mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. Bai gama karanta takardar ba ya zari makullin mota.

A Tsafe aka fito masa da Dogo, tsohon makiyayi da shanunsa suka ƙare aka ba shi gadi.

"Baba, ina kake lokacin da anka kwance su?"

"Ina wurin, yallaɓai. Ban ɗaga ba."

"Kana wurin, faranti shida sunka tashi sama?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi. Ran Litinin bayan azahar an yi jana'iza, duk gari munka tafi. Na dawo na iske ƙarfe tsirara, kunya ta hana ni faɗi." Ya ɗago ya dubi Sufeto. "An ce mutanen gari sun rubuta sunana cikin waya, inda kowa ka gani, wai ni ɓarawo."

Sufeto ya san wurin da yake nufi. Shafi ne da ake sa kowane aikin gwamnati da hotonsa da ranar da za a gama, jama'a kuma su rubuta abin da idonsu ya gani. Tsohon ya ba shi tausayi, abin ya tsaya masa a rai.

Sufeto ya juyo Gusau, ya faɗa ofishin masu kula da shafin, don ya ga ko farantan sun ɓulla a wata rijiyar. Wata ma'aikaciya, Malama Rahama, ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Nuna mini duk rijiyar da anka gama makon nan."

"Guda ce, yallaɓai. Ta Furfuri, a Bungudu." Ta juyo masa kwamfutar. "Ran Lahadi ƙarafa ne kawai, ga hoton. Ran Litinin gab da magariba injiniyan ya turo wannan."

Sufeto ya ƙirga farantan da ke hoton da yatsa. Shida.

Ya isa Furfuri bayan la'asar. Mata sun yi layi da jarkoki, ruwa na zuba, Injiniya Bashiru yana gefe cikin hular kwano yana karɓar godiya kamar shi ya haƙa da hannunsa.

"Injiniya, daga ina farantan nan?"

"Daga Kano, sabbi fil."

"Yaushe rabonka da Kucheri?"

"Ya kai wata biyu, tun da muka haɗa tasu."

Sufeto ya ja tsani ya hau. A gefen kowane faranti akwai zane biyu da ɗan zobe, an karce da ƙusa. Daga kan tsanin ya kira Tsafe, ya ce a ba Dogo waya, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Baba, ka taɓa yi wa farantan wata alama?"

"Na yi. Shaidar shanun gidanmu, zane biyu da zobe. Duk abin da anka ba ni kiwo sai na yi mai ita."

Matan layin suka juyo suna kallon injiniyan. Bashiru ya cire hular, gumi na bin wuyansa.

"Aro na yi, Sufeto," in ji shi. "Na Furfuri ba su iso ba, ranar gamawa ta wuce, shafin ya yi ja, kowa na zagina da sunana. Na ce in ɗauki hoto in mayar washegari. Da can haka muke yi, ba mai sani."

"Mi ya hana ka mayarwa?"

Wata tsohuwa, Iya Uwani, ta amsa daga layi. "Mu munka hana shi. Mun ga hoton a waya, asuba ta yi muna a nan da jarkokinmu. Tun ranar wurin nan bai rabu da mutane ba."

"Ka san akwai dattijo a kulle saboda kai?"

Bashiru ya ce, "Na sani."

Wannan amsar ta fi satar ɓata wa Sufeto rai. Ya sa masa ankwa da kansa, aka tura shi mota.

Washegari da safe Sufeto ya koma Tsafe ya sa aka buɗe wa Dogo. Tsohon ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi sa takalmi.

"Baba, tafi gida. An kama mai laifi."

"Mutanen Kucheri sun sani?"

"Za su ji."

"Ji daban, yallaɓai. Inda sunka rubuta ni ɓarawo, nan nike so a rubuta ba ni ba ne."

Sufeto ya ciro waya ya kira Malama Rahama, ya ce ta rubuta a shafin cewa Dogo ba shi ne ɓarawon ba. Sannan ya ja benci, suka zauna shi da Dogo, har sai da rubutun ya fito ya karanta masa sau biyu.