Fasfon Malama Badi'a

Saura kwana biyu jirginta ya tashi zuwa Maskat, fasfon Malama Badi'a ya yi ɓatan dabo. Shekara huɗu tana koya wa ma'aikatan wani kamfanin fata a Challawa Turanci bayan La'asar. Yanzu wata makaranta a Oman ta ɗauke ta aiki, har an buga biza. Ɗalibanta suka haɗa mata walima a aji, aka ci abinci aka sha zoɓo, ta buɗe jaka, wayam.

Insifekta Musbahu ya iso yana toshe hanci. Warin fata bai taɓa yi masa daɗi ba, amma irin wannan aikin yake so, ba gawa ba jini.

"Malama, ina kika ajiye jakar?"

"A ƙusar bayan ƙofa, Yallaɓai. In ban sauka ran Alhamis ba, wata za su ba aikin."

Ya shafa bakin jakar, yatsansa ya fito da farin gari. Ya ɗanɗana. Gishiri ne.

A bakin get ya tsare Aminu maigadi.

"Wa ya fita bayan walima?"

"Kowa sai na lalube shi, Yallaɓai, har cikin hula. Dokar kamfani ce. Ko allura ba ta wuce ni ba."

Ashe fasfo yana ciki, bai je ko'ina ba. Insifekta ya ji ransa ya yi fari.

"Su wa ke taɓa gishiri a nan?"

"Masu ɗanyar fata. A ɗaliban Malama kuwa mutum ɗaya ne, Malam Mamman."

Ya tarar da dattijon yana barbaɗa wa fatun awaki gishiri, gemu duk furfura.

"Baba, kun je walima?"

"Ban ko leƙa ba, ranka ya daɗe. Tun Azahar ina nan."

"To wannan jan zoɓon a gaban rigarku fa? Awakin ne suka ba ku?"

Malam Mamman ya dubi rigarsa, ya daɗe yana dubanta. Ƙarya dai ba sana'arsa ba ce. Ya cusa hannu cikin buhun gishiri ya zaro ƙunshin fasfon, leda uku an naɗe tsaf kada danshi ya taɓa shi. Insifekta bai taɓa ganin ɓarawo mai tattalin kayan sata haka ba, har dariya ta so ƙwace masa.

"Me ya kai ku, Baba?"

"Shekara ashirin da takwas ina dangwala yatsa a takarda. Ita ce ta koya mini rubutu, ba ta taɓa yi mini dariya ba. Saura shafi tara mu gama littafi na biyu. Na ce ko wata guda ne ta ƙara yi da mu."

Malama Badi'a ta karɓi fasfonta cikin murna, ido kuma ya ciko.

"Yallaɓai, don Allah a bar shi. Na yafe."

"Za a bar shi, amma sai ya ba da bayani a ofis. Mu je, Baba. Akwai ɗan sandan da zai rubuta muku."

Dattijon ya karkaɗe gishirin hannunsa, ya gyara zaman hula, ya shige gaba.

"A ba ni biro kawai, ranka ya daɗe. Da hannuna zan rubuta, da Turanci."