Fijon Alhaji Maikuɗi

Abarshi ya fara ganin Tsahara ne a bakin matanite, gidan haihuwa na Birnin Konni, tana tsaye gindin dogon yaro da kwanon kunu a hannu. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a karatun likita a Yamai, an turo shi ya goge hannu kafin ya tafi koyon likitancin mata.

Ya wuce ta da hantsi, ya dawo da azahar, tana nan inda take. Kunun har ya yi fata.

"Malama, wa kike jira?"

"Ƙawata ta haihu. Don Allah ka miƙa mata."

"Ai ƙofar buɗe take."

"Ni ba ni shiga nan," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya karɓi kwanon, kuma wallahi tun daga ranar bai sake samun kansa ba. Mutumin da ko gaisuwa ba ya tsayawa yi, sai ga shi kullum da la'asar ya sha wanka yana ƙofar gidan mahaifinta, Alhaji Maikuɗi, mai motocin ɗaukar albasa. Yana kiranta Mai Kunu, ita kuma tana ce masa Lokotorona.

Wata rana ta zaro wani ɗan ƙahon ƙarfe daga aljihun rigarsa. "Wanga hwa?"

"Da shi nake jin bugun zuciyar jariri tun yana ciki."

"In ba ka ji komi ba?"

Ya taɓa ɗora ƙahon a cikin wata mata a Yamai, ya kasa kunne har wuyansa ya ƙage, bai ji komai ba. Wannan shirun yana bin sa har cikin salla, kuma saboda shi ya zaɓi wannan aiki. Da ya faɗa mata, ta daɗe tana juya ƙahon a tafin hannunta.

Kusa da tabarmarsu akwai wata rumfa, a ƙarƙashinta tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, tayoyinta sun nutse cikin rairayi. Ba mai taɓa ta, ko yara ba sa hawa. Abarshi ya lura Tsahara ba ta taɓa zama tana fuskantar motar ba.

Da manyansa suka je neman aure, Alhaji ya tare su da magana ɗaya: "Ba ni ba da ɗiyata ga namijin da aikinai duba matan mutane. Shi zaɓi ciwon ido, ko na ƙashi, in ba shi ita gobe." Kafin a ce me, sai ga Sallau, babban direban Alhaji, yana zarya wurin Tsahara da turare da atamfa.

Abarshi ya rame, ya daina cin abinci. Ƙarshe dai so ya fi ƙarfinsa.

"Mai Kunu, na yanke shawara. Zan bar likitancin mata. Ke nake so."

Ya zaci za ta yi murna. Sai ta miƙe, ta naɗe tabarma yana kallo.

"In ka bari, kada ka sake zuwa gidanga."

Kai! Ya koma ɗakinsa yana cewa lallai turaren Sallau ya yi aiki. Gwaggo Hindu, ƙanwar Alhaji, ita ta same shi a matanite ta ja shi gefe.

"Kai dai da karatu, amma ba ka da wayo," ta ce. "Uwatta Saude naƙuda ta kashe ta. Kwana ta yi tana cizon zane, kunya ta hana ta ko nishi. Da munka gane, anka sa ta bayan Fijon nan, Tsahara tana ƙarama, tana riƙe da kan uwatta. Mun iso nan, gindin iccen ga, anka ce lokotoron namiji ne. Yayana ya juya mota. Ba mu kai gida da ita da rai ba."

Abarshi ya dubi dogon yaron, inda ya fara ganin Tsahara.

Washegari ya je ya durƙusa gaban Alhaji. "Baba, ka gafarce ni. Ina son Tsahara kamar raina, amma ba zan bar aikin nan ba."

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya tashi, ya yafito shi zuwa rumfar, ya dafa bayan motar.

"An faɗa maka, na gani ga idonka. To ka gaya mini tsakaninka da Allah. Da na shigar da ita, da ta rayu?"

Abarshi ya so ƙwarai ya ce a'a, don ya san ita ce amsar da za ta ba shi mata. Bakinsa ya ƙi.

"Ban sani ba, Baba. Rai na Allah ne. Amma da an gwada."

Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. "Kowa cewa yake kwananta ya ƙare. Kai kaɗai ka faɗa mini abin da na sani."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Alhaji ya sa Chindo makanike ya tone Fijon daga rairayi ya tashe ta, ya ce a cikinta za a kai amarya. Tsahara ta tsaya tana kallon motar, har Gwaggo Hindu ta kama ta suka shiga tare, mata na guɗa.

Abarshi ya same ta a ɗaki tana share hawaye. "Mai Kunu, kin ji tsoro?"

"Na ji, Lokotorona. Amma yau motar ta kai ni inda aka nufa."

Da safe Alhaji da kansa ya tuƙa motar zuwa matanite, ya tsayar da ita gindin dogon yaro, ya miƙa wa babbar ungozoma makulli. Ya ce duk macen da naƙuda ta tsananta mata, daga Bazaga har Illela, a je a ɗauko ta, kuma kada wanda ya juya da ita daga bakin ƙofa.

Allah Ya ba Abarshi da Tsahara zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya ji ƙan Saude.