Bargo Ɗaya, Ƙafafu Huɗu

Da hantsi aka kira Sufeto daga asibiti. An kawo mace da namiji a kan ƙyauren ƙofa, lulluɓe da bargo, wai sun manne da juna a wani masauki.

Ko da ya iso, namijin gawa ne. Macen, mai sharar masaukin, tana tsugune a kusurwa ta kifa kai a gwiwa. Mijinta, wani tela, ya riga ya aiko cewa kada ta kuskura ta koma masa gida. A bakin get jama'a sun yi cincirindo, kowa na rantsuwa ya gani da idonsa. Abin da suka gani kuwa bai wuce bargo da ƙafafu huɗu ba.

"Likita, abin nan yana faruwa da gaske?" in ji Sufeto.

"Shekarata ashirin ina jin labarinsa, ban taɓa gani ba. In ma jijiya ta riƙe, ba ta daɗewa take saki. Ni dai ina ɗaga bargo ta mirgino ƙasa da kanta." Likita ta buɗe tafin hannun mamacin. Ga ƙuna, fara fat, kamar an ja layi. "Kuma ya sandare. Wannan tun da sassafe ya cika."

Sufeto ya sa aka nemo ɗan dakon da ya kama gaban ƙyauren.

"Ka ji muryar namijin?"

"Yallaɓai, wa zai yi magana cikin wannan abin kunya?"

"Nishi fa?"

Ɗan dako ya shafa wuyansa. "Ƙafarsa dai ta yi ta taɓa ni a nan. Sanyi kamar ƙarfen famfo da safe."

Sufeto ya koma kan macen. Ta ce saurayinta ne, sun daɗe tare.

"Ya sunansa?"

Ta sake kifa kai a gwiwa; ko sunansa ba ta sani ba.

A masaukin, an wanke ɗakin tas har ƙasa na ƙyalli. Amma banɗaki na warin ƙonanniyar roba. Bayan ƙofa ga bokiti, a ciki ga hitar da ake tsomawa a ruwa, an naɗe wayarta da sabon salatif.

Mai masaukin dattijo ne mai sanyin murya, kawun matar, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama.

"Yaran zamani, ranka ya daɗe. Ni na rufe su da hannuna, don sutura."

"Yaushe ka naɗe wayar nan?"

"Ai ta fi wata."

"To cika bokitin, ka kunna. Zan warware salatif ɗin, sai ka tsoma hannu."

Dattijo ya dubi bokitin. Sai ya zauna daɓas a bakin gado.

"Sau uku yarinyar nan tana ce mini wayar na jan mutane. Da na tarar da baƙon a ƙasa ba rai, na san rufe wurin za a yi. Sai na ce a raina, mutum ba ya ɗaga bargon irin wannan, kuma in an ga ya mutu a asibiti asiri za a ce. Na ce mata ta kwanta da shi cikin bargon, fuskarta a rufe take, ba mai gane ta."

"Ta yarda?"

"Ni na raine ta. Ba ta taɓa ce mini a'a ba."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

A asibiti Sufeto ya sa aka kira tela, ya zayyana masa komai a gaban matar. Tela ya daɗe yana murza hularsa.

"Taso mu tafi gida."

"Akwai ƙofa ta baya," in ji Sufeto. "Mutanen nan ba za su saki labarinsu ba."

"Ta gaba za mu fita, Yallaɓai," in ji tela.

Ta miƙe a hankali, ta kama gefen rigarsa. Sufeto na kusa, shi ya sa ya ji abin da ta raɗa masa.

"Maigida, don Allah yau kada ka riga ni barci. In kuma ka yi, ka riƙa motsi."