Garken Baffa a Cikin Waya

Ranar da Abdulbaƙi ya fara ganin Hajara, yana durƙushe ƙarƙashin darbejiya a jami'ar Kalgo, yana ɗaure waya a kan keke da robar taya. Ta tsaya ta ce masa in dai hoto yake son ɗauka, keken nan zai yi ta kaɗa shi kamar mai zazzaɓi, ya cusa tsumma a ƙarƙashi. Ya cusa, hoto ya zauna. Zuciyarsa ce ta ƙi zama.

Bidiyon waƙa suke haɗawa don gasar ɗalibai, waƙar abokinsa Ashiru a kan rayuwar makiyaya. Ba kyamara, ba fitila, sai wayar aro da murfin tukunya da aka goge tas don haska fuskar mawaƙi. Hajara ta karɓi littafin tsari, ita ke rubuta abin da za a ɗauka da inda kowa zai tsaya. Kafin mako uku Abdulbaƙi ya daina kiran sunanta, sai Darakta.

"Daraktata," ya rubuto mata, "kin tsara kowane fage, saura rayuwata."

"Gama aikin gabanka tukuna," ta amsa. "Amma na ajiye maka shafi."

Ita ta kawo shawarar a je rugarsu a bayan Gwandu. Mahaifinta, Baffa Mamman, ya tafi kasuwa ranar, suka yi aikinsu da la'asar lokacin da shanu ke dawowa. Abdulbaƙi ya tura keken a hankali, ya ɗauki garken daga na farko har na ƙarshe, da tsagar kunnuwansu, da babbar kukar da ke bakin rugar. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wannan ba.

Shi ya sa ranar da ya je gaisuwar neman izinin auren Hajara, ya fito da wayar cikin murna ya nuna wa tsohon. Baffa ya kalla har ƙarshe. Sannan ya tambaya mutum nawa za su gani. Abdulbaƙi ya ce in Allah ya so, duk duniya.

"Wagga kuka kowa ya san ta," in ji Baffa. "Ka nuna ma ɓarayin shanu dukiyata, ka nuna musu hanya. Wanda bai san abin da ake rufewa ba, ba ni ba shi ɗiyata."

Hajara ta yi kuka a bayan bukka, tana cewa laifinta ne, boko ya sa ta manta abin da ta tashi a ciki. Ashiru kuwa ya kafe, wai wannan fagen shi ne gasar gaba ɗaya, ga kwana uku kacal ya rage, kuma tsoho ina zai ga intanet? A ce masa an goge, shi ke nan.

"Kada ki ƙara hawaye, Daraktata," Abdulbaƙi ya rubuto. "Ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Da safe ya hau babur ya koma rugar. Ya tsuguna, ya miƙa wa Baffa wayar, ya nuna masa inda zai danna. Baffa ya danna, hoton ya ɓace, ya miƙo wayar zai tashi.

"Baffa, bai tafi ba tukuna. Akwai wani lungu da abin da aka goge yake ɓuya."

Ya buɗe lungun, ga garken nan yana tafe. Baffa ya daɗe yana kallon Abdulbaƙi, ba wayar ba. Ya ce da a ce yaron ya yi shiru, da har abada ba zai sani ba. Ya sake dannawa, sannan ya sa a kawo masa nono. Kafin ya sallame shi ya ce in shanu yake so, ya je mashaya da hantsi, inda garkunan kowa ke gauraya, babu mai cewa wannan ta wane ce.

Can suka je. Kwana biyu suna cikin laka har gwiwa, Ashiru na rera waƙa yana gunaguni, Hajara na riƙe da murfin tukunya. Na uku suka zo a gasar.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a Gwandu. Da Abdulbaƙi ya durƙusa yin godiya, Baffa ya dafa kansa.

"Ka rufa min asiri, Allah shi rufa maka naka. Ga Hajara nan, amana ce."

Ta cikin mayafi Hajara ta ce amin, a hankali, amma ango ya ji.